Malam Sada da Ƙafar Rumaisa

Idan ka bi ta bayan sakandaren garinmu da hantsi, ranar da sababbin ɗalibai suke fita fili karon farko, za ka ɗauka kura aka saki a cikin yara. Ihu ne kawai ke tashi, kuma ba duka ake yi musu ba. Ƙanena Sada ne, malamin wasanni, yake jera su a gindin dalbejiya, yana sa kowa ya kurma ihu da iyakar ƙarfinsa, ya kuma nuna inda ke yi masa ciwo ya faɗi sunan wurin. Yana yin wannan tun kafin ya koya musu yadda ake tsayawa a layi. Iyaye sun sha kai ƙararsa wurin shugaban makaranta, wai yana koya wa 'ya'yansu raki. Ni da na san mafarin abin ba na dariya, ko da yake sauran lamuran Sada duk abin dariya ne a wurina tun yana rarrafe.

Ni ce Hajo, yayarsa, ciki ɗaya. Ina sayar da ɗan wake da awara a bakin ƙofar makarantar, saboda haka duk abin da ya faru a filin nan a kan idona yake faruwa, ko ina so ko ba na so.

A wani ƙauye kusa da Gubuchi aka haife mu. Mahaifinmu manomin rake ne, yana da fadama, kuma burinsa a duniya Sada ya zama malamin gona. Sada kuwa tun yana ƙarami ba abin da ya iya sai tsallake magudanan ruwa. Siriri ne, dogo, duk ƙafa. In aka aike shi kai abinci fadama, miyar a hanya take ƙarewa, domin ba ya zagayawa ta kan gada kamar 'ya'yan mutane. Da aka tura shi karatun malanta Zariya, sai ya zaɓi fannin motsa jiki. Har mahaifinmu ya koma ga Allah bai gane wannan karatu ba. Yakan ce wa abokansa ya tura yaro neman ilimi, ya dawo masa da usur a wuya.

Mutum ne mai sanyi har ya yi yawa. Bai iya ciniki ba, bai iya musu ba, in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Muryarsa ba ta wuce tsawon tabarma, shi ya sa usur ɗin ya zame masa baki na biyu. Abu ɗaya ne ke sa shi zuba kamar rediyo, wato ƙafafun mutane. Sada ba ya kallon fuska. Kana gaishe shi, idonsa na kan idon sawunka. Ranar da ya zo ba ni labarin Lubna, wadda ya aura, na tambaye shi kamanninta, sai ya ce mini tana da kyan taku. Na ce Allah ya shirye ka.

A cewarsa, dogon tsalle ba tsawon ƙafa ba ne kawai, don ya ga dogaye da yawa da ke faɗuwa kamar buhun masara. Sai yaro yana da gudu, cinyarsa da sha-raɓarsa suna da ƙarfin da za su cilla shi sama. A kan wannan kuma akwai abin da ba a koyarwa: kada yaro ya ji tsoron katakon da ake takawa a tashi. Yawancin yara da sun hango katakon sai su rage gudu, su fara lissafi da ƙafa. Wanda bai rage ba, shi Sada yake nema, kuma yakan yi shekaru bai samu ba.

Ramin tsallen shi ya haƙa da hannunsa, ya roƙi mai amalanken shanu ya kwaso masa yashi daga rafi. To amma mutanen garinmu, Allah ya gyara mu, ba sa ganin yashi a zube su wuce. Mai yaɓen ɗaki ya ɗebi kwano, mai gyaran murhu ya ɗebi bokiti, kowa na cewa ɗan kaɗan ne. Da abin ya ishe shi, maimakon ya yi faɗa, sai ya riƙa tattara abin da ya rage zuwa gaban ramin, daidai inda ya san yaransa suna sauka. Can ƙarshen ramin ya zama tsandauri, da ɗan yashi a sama kamar an barbaɗa gishiri. Bai damu ba, tunda babu ɗalibin da ya taɓa kaiwa can.

Sai ga Rumaisa. Mutanensu Fulani ne da suka daɗe da zama ta hanyar Paki, suna noman masara da dawa, suna kuma riƙe da shanunsu. Sada ya gan ta ne wata rana tana bin ɗan maraƙi da ya tsinke igiya, da jakar makaranta a bayanta. Maraƙin ya zagaye wani kwazazzabo, ita kuwa ta bi ta sama, ko waiwaye ba ta yi ba. Ya zo wurina yana haki kamar shi ya yi tsallen, ya ce, Yaya, na samu. Na ce me ka samu, ya ce ƙafa.

Ya je neman izini wurin mahaifinta, Malam Muktar, wani dattijo fari mai ƙarancin magana. Malam Muktar ya saurare shi har ƙarshe, ya sa aka kawo masa nono, sannan ya ce maganar ba tasa ba ce, a je wurin yayansa Usmanu. Rumaisa 'yar fari ce, kuma a gidansu alkunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uba ba ya kiran sunanta, ba ya zama inda take zaune, ba ya nuna ya damu da ita a gaban mutane. Uwa ma haka. Duk abin da ya shafe ta, baffanta ne mai faɗa. Mu ma Hausawa muna yi, amma namu bai kai nasu tsauri ba. Usmanu mutum ne mai raha, ya ce ta yi, in dai da dogon wando da hijabinta.

Ta yi shekara tana atisaye, kuma ba ƙarya, yarinyar abin kallo ce. Ba ta da surutu, ba ta da ƙorafi. In ƙaya ta soke ta sai ta cire ta ci gaba. Sada yana yaba wannan hali nata ƙwarai, yana buga misali da ita a gaban sauran, yana cewa su dubi Rumaisa, ba ta taɓa cewa wash ba.

Ranar da abin ya faru ranar gasar makaranta ce, farkon bazara, inda za a zaɓi waɗanda za su wakilce mu a gasar shiyya. An yi biki a gidansu cikin makon, don haka ƙafafunta sun sha ƙunshi, lallen ya kama har ya yi baƙi, tun daga farata zuwa idon sawu. Ba da takalmi take tsalle ba, ta ce yana riƙe ta. Na bar tukunyata na matso bakin igiya, don ni ma ina son in gani.

Tsallen farko ta yi shi kamar da wasa, ta wuce kowa. A na biyu ne ta taho da gudun da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta taka katakon daidai, ta tashi, ta wuce tulin yashin gaba ɗaya, ta sauka da ƙafar dama a can ƙarshen ramin. Na ji ƙarar daga inda nake. Yaran da suka fara tafi suka tsaya. Gwiwarta ta koma wani gefe da gwiwa ba ta zuwa, ita kuwa tana kwance ta dafe ƙasa, bakinta a rufe gam.

Sada ya iso kafin kowa. Ya sa malama ɗaya ta riƙe cinyar, ya kama ƙafar ya ja, yadda yake yi wa 'yan ƙwallo, sai gwiwar ta koma mazauninta. Kowa ya sauke numfashi, har wasu na cewa ai shi ke nan. Amma da aka ɗaga ta, ƙafar ta ƙi ɗaukarta. Shugaban makaranta ya ba da motarsa, ya ce a kai ta asibiti a ɗauki hoto. Ana bukatar mace ta raka ta, malamai mata kuma suna da yara a hannu, sai na bar wa maƙwabciyata tukunya na shiga. Aka aika wa gidansu.

Mun isa babban asibitin da ya fi kusa da mu rana ba ta kai tsaka ba, muka tarar da tashin hankali. Ranar kasuwa ce, wata motar fasinja ta yi karo da motar rake, kuma duk an kwaso mutanen zuwa sashen gaggawa. Jini a ƙasa, mutane a kan gado, wasu a kan tabarma, 'yan uwa sun cika baranda. Likita ɗaya ne, yana ɗakin tiyata. Nas ɗin da ke karɓar mutane a ƙofa, sunanta Ummuhani, wata doguwar mata da ta fi ni ƙuruciya, farin kayanta duk ya ɓaci. Ba na son in zalunce ta a labarin nan. Na ga yadda take aiki, hannu biyu gare ta kamar kowa.

Ta tsaya a kanmu ta tambayi abin da ya faru. A nan Sada ya yi abin da har yau yake hana shi sakewa. Ya ce targaɗe ne, ta faɗi a wurin tsalle. Bai ce gwiwar ta fita daga mazauninta ba. A ganinsa ya riga ya gyara wannan, kuma ba ya son labari ya isa gidansu cewa gwiwar 'yarsu ta goce a hannunsa. Ummuhani ta tambayi Rumaisa yadda take ji, ta ce da sauƙi. Ta latsa gwiwar, yarinyar ko motsi. Ta dubi yatsun, ta matsa farce ɗaya, amma me za ta gani a ƙarƙashin lallen nan? Kafin ta ƙara wani abu aka ja ta da ƙarfi, wai wani yana suma. Ta waiwayo ta ce mu zauna a benci, za a ba ta maganin ciwo, in an sarara a yi hoto.

Muka zauna. A zaman nan na fahimci yadda wurin yake tafiya in ya cika. Waɗanda suke bakin mutuwa an fara da su, wannan ba mai ja. Amma bayan su, wanda 'yan uwansa suka fi iya ɗaga murya shi ake gani. Wani saurayi da ya zo bayanmu da tsagewar goshi, yayyensa suka buga tebur, suka ce sun san wane da wane, nan da nan aka ɗinke shi. Wata mata da ke birgima tana kiran ta mutu, aka ɗauke ta, ashe ƙashin hannu ne. Mu kuwa ga yarinya zaune tsaf, hijabinta a gyare, kamar ta zo dubiya.

Malam Muktar ya iso a kan mashin wajen azahar. Bai shigo ba. Ya tsaya a baranda ya gaisa da Sada gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da aiki da zafin rana, ya gaishe ni ya yi mini sannu da ɗawainiya. Can a ƙarshe, yana kallon wani wuri, ya tambayi yadda 'yar makarantar take. Sada ya ce da sauƙi, targaɗe ne. Ya ce madalla. Ya je gindin mangwaro ya zauna, ya ba taga baya.

Ina kallon Rumaisa. Gumi na tsattsafo mata a goshi, ta cusa gefen hijabi a baki tana taunawa. Duk lokacin da ta hangi inuwar mahaifinta ta taga, sai ta saki hijabin ta miƙe zaune. Na ce mata, 'yar nan, in da ciwo ki yi kuka, ba wanda zai kama ki. Ta girgiza kai. Ta ce a hankali ƙafar ta yi mata nauyi, kamar ba tata ba.

Na tura Sada ya gaya wa nas. Ya je ya tsaya a gefenta, hannu a baya kamar ɗalibin da ya makara, ya yi sallama, ya jira ta gama ɗaure wani, ta wuce wurin wani, ya bi ta, ya sake jira. Ya dawo ya ce mini aiki ya yi mata yawa, bai kamata a dame ta ba. Na ji kamar in mare shi. Na je da kaina, na ce mata yarinyar nan fa ƙafarta ta yi nauyi. Ba ta ɗago ba, hannunta na cikin raunin wani, ta ce Mama ki yi haƙuri, targaɗe yana yin haka, tana tafe.

Sai na fita wurin uban. Na durƙusa na ce masa ya shigo ya yi magana, shi namiji ne kuma babba, in ya buɗe baki za a ji. Ya daɗe yana juya sandarsa a ƙasa.

"Goggo, akwai waɗanda suka fi ta jin jiki a ciki," in ji shi. "Kuma ni in tsaya a gaban jama'a ina ɗaga murya a kanta? Mu ba mu iya wannan ba."

Na lura ruwan da Sada ya sayo masa yana nan bai taɓa ba. Raina ya ɓaci, amma na rasa wanda zan zaga.

Bayan azahar da nisa Rumaisa ta ce mini ciwon ya ragu a tafin ƙafar, ba ta ma jin komai a wurin. Na ce alhamdu lillahi, Sada ma ya ce alhamdu lillahi, har ya fita ya kai wa uban albishir. Haka muka zauna muna murna da abin da ya kamata ya tashe mu tsaye.

Da aka kira la'asar na je na yi salla na dawo, na ga tana zamewa daga bencin don gajiya. Na ce ta ɗora ƙafafunta a cinyata. Na kama ta hagu, da ɗuminta. Na kama ta dama. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa, a cikin wannan zafin da ko bango ƙuna yake. Na ce ta motsa yatsun. Ta zuba musu ido, ta yi iya ƙoƙarinta, ko ɗaya bai motsa ba.

Na kama hannun Sada na ɗora a kan ƙafar. Na ga fuskarsa ta canza. Ya miƙe, ya buɗe baki zai yi kira, muryar nan tasa ta fito 'yar ƙarama, hayaniya ta haɗiye ta. Ya sake gwadawa, haka. Sai ya laluba ƙirjinsa, ya kama usur ɗin da tun safe yake rataye a wuyansa, ya busa shi a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, ya yi ta busawa bai tsaya ba.

Ɗakin ya yi tsit. Mai gadi ya taho da gudu. Ummuhani ta iso a fusace, tana tambaya ko hauka yake yi. Bai ba ta amsa ba, ƙafar kawai ya nuna mata. Ta durƙusa, ta ɗora yatsu a bayan idon sawun, ta mayar kan ƙafar, ta koma ta hagu, ta dawo ta dama. Faɗan ya bar fuskarta.

"Malam, ka gaya mini gaskiya. Targaɗe ne, ko gwiwar ta fita?"

"Ta fita. Ni na mayar da ita."

"Tun safe?"

"Tun safe."

Ba ta ƙara kallonsa ba. Da gudu ta tafi, ta dawo da likita yana cire safar hannu. Ya duba, ya yi mana bayani a gurguje. Akwai babbar jijiyar jini a bayan gwiwa, in gwiwa ta goce takan tsage ko ta toshe, jini ya daina sauka. Ya ce mayar da gwiwar ba laifi ba ne. Amma da an ce masa gocewa ce, da tun kafin azahar yarinyar tana Zariya, domin aikin jijiya ba a yin sa a nan, kuma ƙafa ba ta daɗewa babu jini. Ya ce a tafi yanzu-yanzu, a kira mai ikon yarinyar ya amince, don da isa tiyata za a shiga.

Muka fita wurin Malam Muktar mu uku, har da Ummuhani. Ya miƙe tsaye ya saurara. Ya ce a kira Usmanu. Usmanu ya tafi kasuwar shanu tun asuba, aka kira wayarsa a kashe, aka sake kira a kashe. Aka kira wani da suka tafi tare, ya ce sun rabu a kara, wurin cinikin shanun, bari ya duba shi. Muna tsaye, rana tana sauka, ni ina jin kowane numfashi kamar ana zare wa yarinyar nan wani abu. Ummuhani ta ce, Baba, don girman Allah, kai ne ubanta. Ya sunkuyar da kai.

Sada ya zube a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa, a gaban duk mutanen da ke barandar. Ya ce laifinsa ne tun daga ramin har zuwa ƙaryar targaɗe, a yi masa duk abin da za a yi masa daga baya, amma yanzu a bar shi ya tafi da ita.

"Tashi, Malam," in ji dattijon. "Kai ka zo har gida ka roƙe ta. Yau kai ne ubanta. Abin da ka ce, na ce."

Motar asibitin ta riga ta tafi da masu hatsari, ta shugaban makaranta kuma ta daɗe da komawa, sai da muka nemo ta haya. Malam Muktar ya zauna gaba, bai waiwayo ba ko sau ɗaya har Zariya, amma duk ramin da direba ya faɗa sai ya ce masa a hankali, a hankali. Muka isa ana kiran magariba, aka wuce da ita kai tsaye.

Likitocin can sun yi iya yinsu. Sun gyara jijiyar, sun tsaga sha-raɓar don kumburi ya samu hanya, suka ce sai a jira a gani. Muka jira. Kullum da safe in buɗe zanen in duba, in ce wa kaina baƙin lalle ne. Sada ya ƙi komawa gida, a baranda yake kwana, ya rame har wandonsa na zamewa. Wata safiya na buɗe, na ga baƙin ya haura inda mai ƙunshi ta tsaya. Na mayar da zanen na fita waje.

A ranar likita ya tara mu. Zazzaɓi ya fara kama ta, ya ce in ba a cire ƙafar ba, ranta za a rasa. Usmanu, wanda ya iso tun washegarin zuwanmu, ya yi kuka kamar yaro ya amince. Saura wanda zai gaya mata. Uwar ba za ta iya ba, uban ba a ma tambaye shi ba, Usmanu ya ce shi bakinsa ba zai ɗauka ba. Duk suka juya suka kalli Sada.

Ina wurin lokacin da ya shiga. Ya zauna a kujera, ya rasa inda zai sa idonsa, mutumin da duk rayuwarsa ƙafa yake kallo. Ya gaya mata ba tare da kwana-kwana ba, wannan na yaba masa.

"Malam, an auna tsallen?"

"Ba a auna ba."

Ta gyaɗa kai. Ta dubi ƙofa, ta tambaye ni ko Baba yana kusa. Na ce ya tafi masallaci. Sai ta ja zane ta rufe fuska, ta yi kukan da ta riƙe tun daga bakin ramin, har gadon yana girgiza. Sada ya tashi ya fita, na ji shi yana amai a bayan taga.

An cire ƙafar daga saman gwiwa. Da ta ɗan murmure aka mayar da ita asibitin farko don wankin ciwo, tunda ya fi kusa da gida. Ummuhani ta nemi a bar mata ita, ko ba ranar aikinta ba takan zo. Ni da ita ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Ranar sallama, muna haɗa kwanuka, wata budurwa daga ofishin asibitin ta zo tana bin masu jinya, wai ana son a ji ko mutane sun gamsu da yadda aka karɓe su a sashen gaggawa. Ta sami Malam Muktar a baranda ta tambaye shi. Ya ce alhamdu lillahi, an kula da su ƙwarai, ba su da abin cewa sai godiya, Allah ya saka wa ma'aikata da alheri. Budurwar ta yi murmushi ta ce sun gode. Na buɗe baki zan yi magana, zuciyata na tafasa, sai Ummuhani ta riga ni. Ta ce, Baba, kada ka ce haka, wuni guda 'yarka ta yi a kan bencin can. Ya ce ai ƙaddara ce. Budurwar ta tsaya tana kallonsu, ba ta san na wa za ta ɗauka ba.

Motar da za ta kai su gida tana can bakin babbar ƙofa, kuma keken tura marasa lafiya yana hannun wasu. Sada ya kawo sandunan dogarawa da ya sa kafinta ya yi mata. Ta karɓa, ta miƙe, ta yi taku kaɗan a barandar, sandar ta zame a kan siminti, na tare ta da kyar. Baranda cike da mutane, kowa ya zuba ido, wasu na cewa Allah sarki. Usmanu ya ce bari ya nemo mata biyu su ɗauke ta.

Malam Muktar ya jingine sandarsa a bango. Ya tako har gabanta, ya juya mata baya, ya tsuguna. Rumaisa ta dube ni, ta dubi baffanta, ta rasa yadda za ta yi, domin tun tana jaririya mutumin nan bai taɓa ɗaukarta ba.

"Hau," in ji shi.

Ta sa hannu ta riƙe wuyansa. Ya miƙe da ita, ya tallafe ta da hannu ɗaya ta hagu, ɗaya hannun ya lalubi ta dama bai samu abin kamawa ba, sai ya riƙe ƙullin wandon. Haka ya ratsa barandar da ita, ya bi ta tsakiyar mutane har bakin ƙofa, hawaye na sauka a gemunsa, bai share ba. Sada yana biye da su a baya, rungume da sandunan.